Maigidana Ya Cika Ɗaki Da Littattafan Komik, Ya Ce Jari Ne

Tambaya

Assalamu alaikum Kawu. Shekarata 2 da tarewa a unguwar Bronx da ke birnin Niyok. Maigidana mutumin kirki ne, ba ya shaye-shaye, ba ya neman mata, yana da shekara 12 iyayensa suka kawo shi Amurka. Matsalar ita ce littattafan labaran zane da ake ce wa komik. Yana da dogayen akwatunan kwali 22 cike da su, alhali ɗaki ɗaya da falo ne gidan namu. Duk ranar Laraba sai ya biya ta shagonsu. Ina da ciki wata 6, babu inda za a ajiye gadon jariri. Makon jiya na tsinci rasit na dala 480, kuɗin littafi guda ɗaya tak, kuma a watan ne ya ce min babu abin da za a aika wa Innata na Sallah. Da na yi magana sai ya ce jari yake tara wa 'ya'yanmu. Kawu, da gaske jari ne, ko ciwo ne? Ƙawata ta ce in fitar da su bola ranar da ya tafi aiki.

Amsa

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya sauke ki lafiya, ya raya abin da za a haifa.

Zan fara da shawarar ƙawarki domin ita ce mai gaggawa. Kada ki taɓa akwatin nan ko guda ɗaya. Kada ki zubar, kada ki sayar a ɓoye, kada ki raba wa yaran maƙwabta. Na yi fiye da shekara 20 a shagon saye da sayar da tsofaffin littattafai da komik a ƙasar nan, ni nake duba kaya in yi musu kuɗi, kuma a masallacinmu ina cikin dattawan da ake kira idan ma'aurata sun sami saɓani. A duka wuraren biyu na ga abin da zubar da kayan nan yake jawowa.

Wata baiwar Allah ta taɓa fitar da akwatunan mijinta 9 bakin titi a daren da ake kwashe shara, aka kwana ana ruwa. Shi tasi yake tuƙawa da dare. Da asuba ya dawo ya tarar kwalayen sun jiƙe sun ɓarke. Ya kwaso abin da ya iya kwasa a baƙar leda ya kawo min shago ko za a ceto wani abu. Takardun sun manne, idan ka ɗaga shafi ɗaya sai goma su biyo shi. Duk abin da ke cikin ledar, ko da bai jiƙe ba, ba zai yi dala 300 ba. Amma ya zaro guda ɗaya ya juya min bayansa, ga rubutun biro ya fara narkewa, sunan yayansa ne da ya rasu. Sau uku muka zauna da su a masallaci. Kafin wannan dare ita ce mai gaskiya, domin ya daɗe yana ɓoye mata kuɗin da yake kashewa. Bayan daren ba wanda ya sake tuna maganar kuɗi, duk magana ta koma kan abin da ta aikata. Auren bai kai Babbar Sallah ba. Yanzu gaskiya tana hannunki, kada ki miƙa masa ita.

Sai maganar jari. Maigidanki bai ƙago ta ba, tana da tushe, kuma tushen nan ne yake jefa mutane rami. A 1938 aka fitar da littafin komik mai suna Action Comics na 1, wanda Superman ya fara bayyana a cikinsa, ana sayar da shi santi 10. A watan Afrilun 2024 an yi gwanjon kwafi ɗaya a kamfanin Heritage Auctions a kan dala miliyan 6. Wanda Spider-Man ya fara fitowa a ciki, na 1962, an sayar da kwafinsa mai kyau dala miliyan 3.6 a 2021. Duk mai tara komik ya haddace alƙaluman nan kamar karatun allo, kuma su yake karanto wa matarsa idan ta yi ƙorafi.

Abin da ba ya kawowa shi ne dalilin tsadar. Littattafan can sun yi tsada ne saboda lokacin da suka fito ba wanda ya ɗauke su a bakin komai. A kan takarda mafi araha aka buga su, irin ta jarida. Yara suka karanta, suka naɗe suka cusa a aljihu, suka yi musanye, iyaye mata suka share suka zubar. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an riƙa tattara tsofaffin takardu daga gidaje don a sake sarrafa su, komik masu ɗimbin yawa suka bi ta nan. Bayan yaƙin kuma aka tayar da ƙura cewa suna lalata tarbiyyar yara, a wasu garuruwa har tara su aka yi aka cinna musu wuta, a 1954 kuma wani kwamitin Majalisar Dattawan Amurka ya zauna a kan maganar. Na 1938 ɗin nan kusan kwafi 200,000 aka buga, ana ƙiyasin waɗanda suka rage a duniya ba su wuce kimanin 100 ba. Ƙarancinsu ake biya.

Da labarin tsadar ya bazu, wajen farkon shekarun 1990, sai kowa ya ce shi ma ta nan zai yi arziki. Kamfanoni suka ga kasuwa ta buɗe. A 1991 Marvel, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin buga komik, ta fitar da X-Men na 1 da bango iri 5, don mutum ɗaya ya sayi labari ɗaya sau biyar, aka sayar da fiye da kwafi miliyan 8. A ƙarshen 1992 DC, wani babban kamfanin komik, ta kashe Superman a cikin labari, mutanen da ba su taɓa karanta komik ba suka yi layi a ƙofar shaguna suna sayen goma-goma, ko ledar da aka rufe littafin a ciki ba sa farkewa, suna kai wa gida su adana don karatun 'ya'ya. To idan kowa ya adana nasa sabo fil, wa zai saya a wurin wa? Daga 1993 kasuwa ta fara rugujewa, shaguna dubbai suka rufe, a Disambar 1996 Marvel da kanta ta je kotu ta bayyana karayar arziki. Har yau da wuya mako ya wuce ba a kawo mana wannan X-Men ɗin ba, ba ko ƙwarzane a jikinsa, muna sa shi a kwandon masu 'yan daloli.

Ranar da ba na mantawa ita ce ranar da wata dattijuwa Ba'amurkiya ta kira ni gidanta bayan rasuwar mijinta. Akwatuna 40 ne jere a ɗaki guda, kowane littafi a ledarsa da kwalinsa a baya, an rubuta lamba da hannu mai kyau. Shekara 30 yana gaya mata wannan ne gadon da zai bar musu. Na kwana biyu ina dubawa. Na ware guda 14 masu ɗan daraja, sauran duk na bayan 1990 ne. Da na faɗa mata jimillar, wadda ba ta kai kuɗin hayar gidansu na wata biyu ba, ba ta yi kuka ba. Ta dafa murfin akwati ɗaya ta ce, ashe tafiyar da ya yi ta ɗaga mata shekara da shekaru a nan take kwance. Mutumin nan ba maƙaryaci ba ne, shi ma ya yarda da abin da yake faɗa. Kansa ya fara yaudara kafin ita.

Ki lissafa naku. Dogon akwati yakan ci littafi 250 zuwa 300, ke nan maigidanki yana da wajen 6,000. Idan yawanci sababbin fitowa ne da yake saye duk Laraba a kan dala 4 ko 5, to yawancinsu ranar da ya fita da su daga shago suka faɗi. Idan aka kawo mana irinsu a dunƙule, abin da muke biyan akwati guda bai fi kuɗin littafi shida ko bakwai sababbi ba. Mai sayen 10 a mako yana kashe dala 2,080 zuwa 2,600 a shekara, ban da leda da kwali da akwati.

Na dala 480 ɗin daban ne. Ina kyautata zaton yana cikin gidan roba mai tauri, da takarda a sama mai ɗauke da lamba babba. Akwai wani kamfani a jihar Florida mai suna CGC, tun 2000 yake wannan aiki: a aika masa littafi ya duba, ya ba shi maki daga 0.5 zuwa 10, ya rufe shi ruf. Daga nan ba a sake karanta shi, domin idan aka fasa robar makin ya daina aiki. Irin wannan yana iya riƙe kuɗinsa, wani lokaci ya ƙaru. Yana kuma iya faɗuwa warwas. A 2020 da 2021, lokacin kullen korona, farashinsu ya yi tashin gwauron zabi, daga 2022 ya sauko, na san mutanen da har yau ba su ga rabin abin da suka zuba ba. Ko an ci riba ma, kasuwar intanet ta eBay tana yankar kusan kashi 13 cikin 100, ga kuɗin aikawa, ga haraji. Shago kuwa ba ya biyan farashin da yake sayarwa, in ya yi ƙoƙari ya ba da rabi.

Akwai masu cin abinci da sana'ar nan, ni ma ɗaya ne. Amma ana gane ɗan kasuwa da abu ɗaya: yana sayarwa. Yana da littafin lissafi, ya san nawa ya sayi kowanne, kuma ba ya jin zafin rabuwa da kaya idan farashi ya yi. Ki tambayi maigidanki cikin ruwan sanyi, guda nawa ya sayar bara? Idan amsar babu ce, to sha'awa ce. Kuma tunda mu Musulmi ne, kalmar jari tana da nauyin da bai lura da shi ba. Abin da aka saya da niyyar ciniki kayan kasuwanci ne, zakka tana hawansa idan ya kai nisabi. Malamanmu na Malikiyya sun bambanta mai jujjuya kaya, wanda yake yi musu kuɗi duk shekara ya fitar, da mai ajiyewa yana jiran tsada, wanda yake fitarwa idan ya sayar. Mutum ba zai ce wa matarsa jari ne, ya ce wa mai karɓar zakka abin karatu ne ba. Sai ya zaɓi ɗaya.

Duk wannan ba na faɗa miki don ki je ki kunyata shi ba ne. Sha'awa ba laifi ba ce. Mu ma a gida mun san mai kiwon tattabaru da ba ya karyawa sai ya leƙa akurki, da mai doki da ya fi sanin cimar dokinsa a kan tasa. Iyayenmu mata sun jera kwalla da tasoshi tun daga ƙasa har rufin ɗaki, ba dafa abinci ake yi da su ba, amma wa ya isa ya taɓa? Har yau akwai mai atamfofi a ƙasan akwati da ba ta taɓa kai wa tela ba, kuma ita ma idan an tambaye ta cewa take yi kadara ce. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Kin ce yana ɗan shekara 12 aka kawo shi. Na ga yara irinsa da yawa. Yaro ya sauka a ƙasar da ba ya jin harshenta sosai, ana yi masa dariya a makaranta saboda lafazinsa, iyaye suna aiki dare da rana. Sai ya sami littafin da hoto yake fassara masa magana, kuma labarin yawanci na wani bare ne da ake rainawa alhali yana da ƙarfin da ba a sani ba. Da yawa da komik suka koyi Turanci, da shi suka yi abokin farko. Mu da muka tashi a gida muna da namu, Lance Spearman a mujallar African Film, da Ikebe Super, na bayanmu kuma Supa Strikas, amma mu karantawa muka yi muka miƙa wa na gaba. Shi nasa sun zame masa mafaka. Idan kika ce tarkace ne, abin da kunnensa yake ji shi ne kin ce yarintarsa tarkace ce.

Sannan ita kanta sana'ar an gina ta ne don kada mutum ya tsaya. Labari ba ya ƙarewa, ana yanke shi daidai inda rai ya tashi. Idan kin taɓa karanta littafin Hausa na ɗaya da na biyu, aka ce na uku sai wata mai zuwa, kin san abin da nake nufi. Kowane littafi da lambarsa, wanda yake da na 1 zuwa na 60 ban da na 37, giɓin nan yana damunsa kamar wawulo. Laraba ce ranar fitowar sababbi a shagunan ƙasar nan, kuma shago yana da jerin sunayen abokan cinikinsa, ana ware wa kowa kayansa a bayan kanta tun kafin ya zo. Rashin zuwa ɗauka kunya ce, kamar wanda ya ci adashi ya daina zubi. Ga bango iri-iri na littafi ɗaya, wani sai shago ya yi odar kwafi 25 ko 100 kafin a ba shi guda, don haka yake tsada tun ranar farko. Ni na tsaya a bayan kantar nan, na san yadda ake yi.

Game da ciwo kuwa, akwai larurar tara tarkace, likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka sun ware ta a matsayin larura mai zaman kanta a kundinsu na 2013, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa ta a sabon kundinta da ya fara aiki a 2022. Amma mai wannan larura ba ya zaɓe, komai ajiyewa yake yi, kaya a hargitse har su toshe hanya da gado da murhu, kuma yana jin kunyar a shigo a gani. Wanda ya jera nasa a akwati bisa lamba, ya san inda kowanne yake, yana ɗokin nuna wa baƙo, ba shi ba ne. Yadda kika siffanta maigidanki bai yi min kama da mai larurar ba. Abin da za ki sa wa ido wani ne daban, wato saye da ya fi ƙarfin mutum: bashi yana taruwa a katin banki, ana sayen abin da ake da shi ba a sani ba, ƙunshi yana zuwa ba a ko buɗe shi, ana saye idan rai ya ɓaci don a huce. Idan kin ga waɗannan sun haɗu, to a nemi likita ko mai ba da shawara, kuma ba abin kunya ba ne.

Ni a cikin wasiƙarki duka, abin da ya tsaya min a rai rasit ɗin ne. Akwatunan kin gan su tun ranar da kika tare, kin zauna da su shekara 2. Abin da ya hana ki barci shi ne an ce miki babu, alhali akwai. A duk ma'auratan da na ga komik ya shiga tsakaninsu, ban ga waɗanda yawan littafi kaɗai ya raba ba. Ɓoyo ne yake rabawa. Na san masu cewa a kai musu ƙunshinsu wurin aiki ko a bari a shago. Na san mai ɓare takardar farashi a ƙofar shago kafin ya hau jirgin ƙasa. Na san mai cewa matarsa, wannan ai tsoho ne, da ma ina da shi. Akwai wanda ya kama ɗakin ajiya na haya shekara 3 matarsa ba ta sani ba, sai da takardar bashi ta zo gida. Mace idan ta kama irin wannan, ciwon da take ji irin na wadda aka yi wa kishiya a ɓoye ne, domin hanyar ɗaya ce: kuɗi a ɓoye, lokaci a ɓoye, da wani farin ciki da ba a sa ta a ciki ba. Daga nan kuma komai ya faɗa sai ta auna shi sau biyu.

Sai dai ki riƙe bambanci ɗaya don kada a kayar da ke a magana. Ci da sha da sutura da muhalli, da hidimar haihuwa da abin da jariri yake buƙata, haƙƙi ne a kansa, ba alfarma ba. Wurin kwanciyar jariri yana gaban kowane akwati. Kuɗin Inna kuwa kyautatawa ce, ba wajibinsa ba ne, ko da yake duk ɗan mutunci ya san matsayin suruka ranar Sallah. Saboda haka kada ki ce masa ya ci haƙƙin Inna, zai sami ƙofar fita. Ki ce masa ya gaya miki abin da ba haka yake ba. Da ya ce, ina da kuɗi amma na yi niyyar sayen wani abu, da kun yi gardama ta gaskiya kun gama. Amma cewa babu alhali akwai, ba shi da amsarsa sai ban haƙuri.

Kada ki tayar da maganar ranar Laraba yana shigowa da leda a hannu, kada kuma ki yi ta a gaban kowa. Ki bari ya ci abinci ya huta. Ni da zan ba ki shawara, kwana ɗaya ko biyu kafin nan ki ce ya nuna miki wanda ya fara saya a rayuwarsa. Ba dabara nake koya miki ba, ina so ki ga fuskarsa ne lokacin da yake ba ki labarin, domin za ki san da wa kike magana. Mutane da yawa masu tara abin nan ba a taɓa tambayarsu ba, sai dai a yi musu tsiya, shi ya sa suka koyi ɓoyewa tun suna yara.

Ranar maganar kuma ki ajiye rasit ɗin a gabansa, ki faɗi abin da ya yi miki ciwo sau ɗaya, a fili, ba habaici. Sannan ki nemi abu mai lamba, domin "zan rage" ba ta da ranar cika. Ku yanka masa kuɗin sha'awarsa na wata, bayan haya da cefane da tanadin haihuwa da abin da ake aikawa gida, naku da nasu. Abin da ke cikin wannan kaso nasa ne, ko me ya saya kada ki yi masa gori, wannan sharaɗin a kanki yake. Ke ma a yanka miki naki daidai da nasa. Duk abin da ya wuce wani adadi da kuka amince, a ce dala 100, sai an yi shawara kafin a saya. Idan yana son babba irin na 480, ya sayar da wasu ya saya, kayan su riƙa ciyar da kansu. Na san wani gida da matar ce take riƙe da littafin lissafin, ita take ɗaukar hoton waɗanda za a sayar ta sa a intanet, ta fi shi iya ciniki nesa ba kusa ba. Ba ta taɓa karanta ko ɗaya ba, amma Larabar gidan ba ta da faɗa.

Wuri kuma ku auna shi da tef. A auna inda gadon jariri zai zauna da inda za ki riƙa wucewa da dare da goyo, abin da ya rage shi ne na akwatuna. Akwatin da ya cika yakan kai kilo 20, idan aka ɗora su biyar-biyar a ɗakin da yaro zai fara rarrafe yana kama abu yana miƙewa, hatsari ne na gaske, wannan ko shi ba zai musa ba. Shi zai zaɓi waɗanda za su tafi, ba ke ba. Yawanci idan mutum ya zauna ya tace, yakan tarar kashi ɗaya cikin uku ko tuna su ba ya yi. Waɗanda labarin kawai yake so, Marvel da DC duk suna da manhajar da ake biyan kuɗin wata a karanta dubbai a waya, kuma ɗakunan karatu na gwamnati a Niyok suna ba da aron masu kauri kyauta. Ban ba ku shawarar ɗakin ajiya na haya ba, domin a shekara ɗaya kuɗin hayar yakan wuce darajar abin da ke ciki. Kada kuma a kai su ɗakin ƙarƙashin ƙasa, danshi yana cinye takarda, nan da shekara biyu za a ce ke kika jawo. Idan akwai masu bangon da ke nuna tsiraici, kina da bakin cewa ba za su zauna a inda ɗanki zai tashi ba, kuma waɗannan su ya kamata su fara fita.

Ki kuma duba maganar lokaci, ko da ba ki kawo ta ba. Sa littafi a leda, jerawa, bin gwanjo a waya har tsakar dare, zuwa babban taron masu komik da ake yi a Niyok duk watan Oktoba, duk sa'o'i ne. Ke kuma kina ƙasar da ba Inna, ba yayye, ba maƙwabciyar da za ta leƙo ta karɓi jariri ki runtsa. Wankan jego a nan ba kamar gida ba ne, maigidanki shi ne danginki. Gara ya ji wannan daga bakinki yanzu da ya gano shi bayan suna.

Maganar kai ƙara wurin manya, ki jinkirta. Idan kika kira gida yanzu, abin da za su ji shi ne magidanci yana sayen littafin yara, za a yi masa dariya a dangi, kuma namiji yakan yafe faɗa amma da wuya ya yafe tozarci. Ki ba yarjejeniyar wata 3. Idan kika sake kama ɓoyo bayan ya yi alkawari, ko kika ga bashin da ba ki san da shi ba, ko kuɗin haya ya taɓu, to lokacin ne za a sa mutum na uku, kuma a zaɓi dattijo ɗaya mai riƙe sirri wanda shi maigidan yake jin nauyinsa, a tafi da takardun banki a hannu, ba da labari ba.

Kuɗin Inna kuwa, ko Sallah ta wuce a aika, kuma shi ya kira ta da bakinsa ya gaishe ta.

Idan littafin dala 480 ɗin yana cikin roba, a takardar da ke saman robar akwai sunansa da shekararsa da makinsa, da wata doguwar lamba ta shaida. Ki ce ya karanto miki su, ku turo min tare. Zan duba abin da aka sayar da irinsa a watannin nan, wato kuɗin da aka biya a hannu, ba wanda masu kaya suke rubutawa suna jira ba, in gaya muku. Idan kuma ya yarda, ranar wata Lahadi ya ɗauko akwati biyu da ya fi ji da su ya same ni a shago, mu zauna mu duba su ɗaya bayan ɗaya.